Agrippina Vaganova: 'yar rawar da aka raina, malamar da aka sa wa makaranta sunanta

Ta yi kusan shekara 20 tana rawa a St. Petersburg ba ta yi wani tashe na a-zo-a-gani ba. Daga nan ta yi shekara 30 tana koyarwa, kuma da tsarin da ta bari ake horar da 'yan rawar bale har yau a Rasha da ƙasashe da dama.

Tukuna, wace irin rawa ce bale?

Rawa ce ta dandamali da ake takawa da kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa. Yawanci akwai labari a cikinta, amma ba mai buɗe baki, da jiki ake ba da shi. A fadojin Italiya ta tsiro, ta yi ƙarfi a Faransa inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata cibiya a 1661, sannan ta shiga Rasha, aka buɗe mata makaranta a St. Petersburg a 1738 zamanin Sarauniya Anna. Ana juya ƙafafu waje tun daga ƙugu, mata su tsaya kan tsinin yatsu cikin takalmi mai taurin baki, a yi tsalle a sauka ba a ji dirar ba. Wannan ya sa ake ɗaukar yara tun suna wajen shekara 10, kafin gaɓoɓi su yi tauri.

Wace ce Vaganova, kuma yaya aka yi ta shiga wannan sana'a?

An haife ta a St. Petersburg a 1879. Mahaifinta, Akop Vaganov, ɗan asalin Armeniya ne, tsohon soja, aikinsa nuna wa 'yan kallo wurin zama a gidan wasa na Mariinsky. Ke nan ba 'yar kowa ba ce, amma ta tashi ƙofar gidan wasa a buɗe take gare ta. Ga talaka irin wannan, makarantar rawa ta sarki babbar dama ce, don gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibai, idan an gama kuma ga aiki da fansho. Ta shiga tana yarinya, ta ratsa hannun malamai irin su Ekaterina Vazem da Pavel Gerdt, ta kammala a 1897. Aka sa ta cikin 'yan ayari, wato 'yan matan da ke jeruwa a baya suna taka abu iri ɗaya yayin da tauraruwa ke gaba.

Me ya hana ta yin fice da wuri?

Abubuwa sun haɗu. Manyan gidan suna ganin ba ta da kyan fuska da laushin jikin da ake nema a wurin tauraruwa. Ga shi ta zo a zamanin da gidan ya cika da gwanaye: Anna Pavlova, Tamara Karsavina, Olga Preobrajenska, da Mathilde Kschessinska wadda ke da uwa a gindin murhu, don tana da alaƙa ta kut-da-kut da gidan sarauta. Vaganova ba ta da kowa. Mafi muni, Marius Petipa, Bafaranshen da ya riƙe ragamar rawar gidan shekaru da dama, jininsu bai haɗu ba. A littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ya kushe rawarta ba sau ɗaya ba.

Abin da take da shi kuwa shi ne tsalle mai nisa, yatsu masu ƙarfi, da taurin kai. A cikin kowane babban wasa akwai 'yan gajerun raye-raye na mutum ɗaya, minti ɗaya ko biyu, waɗanda ake bai wa 'yan mataki na biyu. Nan ta maƙale, nan kuma ta gwanance, har wani marubuci mai sharhin rawa, Valerian Svetlov, ya raɗa mata sarauniyar irin waɗannan raye-raye. Kirari ne mai daɗi, amma a cikinsa akwai tuni cewa babban matsayi na wasu ne. Sai dab da ƙarshen aikinta aka ba ta jagorancin manyan wasanni irin su Swan Lake da Giselle. Muƙamin balerina, ɗaya daga cikin manyan muƙaman mata a gidan, ya zo mata a 1915 tana da wajen shekara 36. A 1916 ta yi ritaya.

A ganina waɗannan shekarun na jira su ne makarantarta ta gaskiya. Wadda Allah ya ba baiwa takan yi abu ba ta san yadda ta yi shi ba, idan ka tambaye ta sai ta ce kalle ni ka kwaikwaya. Vaganova kuwa komai sai da ta warware shi da tunani: wace tsoka ce ke aiki, ina nauyin jiki ya kamata ya zauna, me ya sa aka karkace a juyi na biyu. Ta sa ido kan darasin Enrico Cecchetti, malamin Italiya, ta kuma koyi abubuwa wurin Preobrajenska da Nikolai Legat bayan ta riga ta fara aiki.

To me ya mayar da ita aji bayan ta ajiye aiki?

Talauci, da farko. Juyin juya halin 1917 ya rushe duniyar da ta sani. A ƙarshen shekarar mijinta, Andrei Pomerantsev, wani kanar mai ritaya, ya kashe kansa, ya bar ta da ɗawainiyar gida, ga fanshon sarki ya zama tarihi. Ta fara koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta ta Akim Volynsky, sannan a 1921 ta koma tsohuwar makarantarsu, wannan karon a matsayin malama.

Lokacin makarantar kanta rayuwarta na hannun Allah. Taurari sun watse: Pavlova tana Ingila, Karsavina ta bi ta can, Kschessinska da Preobrajenska sun nufi Faransa. A cikin gida kuma masu zafin ra'ayi na cewa bale abin wasan fada ne, a binne shi tare da sarauta. Kwamishinan ilimi, Anatoly Lunacharsky, yana cikin waɗanda suka tsaya aka bar gidajen wasa a buɗe. Amsar Vaganova ta fito a 1925, ranar da ɗalibarta Marina Semyonova ta taka rawar kammala karatu. Mutane suka ga rawa mai faɗi da ƙarfi da saurin da ba su saba gani ba, daga hannun yarinyar da aka horar bayan juyin juya hali. Daga ranar aka daina kallon ajin Vaganova a matsayin aji kamar kowane.

Mene ne ainihin tsarin nata?

Ta gaji hanyoyi biyu, kowace da aibinta. Tsohuwar hanyar Faransa da aka koyar da ita da ita tana da taushi da ladabi, amma ita tana ganin hannuwa sun yi laƙwas, jiki ba kuzari. Hanyar Italiya kuwa ƙarfi ne da juyi. Pierina Legnani ta girgiza St. Petersburg a 1893 da juyi 32 a jere kan ƙafa ɗaya. Sai dai motsin yakan fito da kusurwa-kusurwa. Vaganova ta ɗauki ƙarfin wannan da taushin waccan, ta ɗora su kan abu guda: gadon baya. A wurinta motsi daga gangar jiki yake tasowa. Idan baya ya tsaya daram, ƙafa da hannu da kai za su tafi tare. Idan ya saki, duk ƙoƙarin ƙafa a banza.

Hannu ma ta ba shi aiki. Da ana ɗaukarsa ado, ita ta mai da shi abin da ke ɗaga mai tsalle sama, ya kuma ba mai juyi ƙarfin juyawa. Ta tsara hanyoyi 6 na tafiyar da hannuwa da ɗalibi zai ƙware a kansu ɗaya bayan ɗaya, kai da ido suna bin tafin hannu, kafaɗa tana ɗan karkata.

Ga yadda abin yake a aji. Yarinya 'yar ajin farko tana fuskantar sandar katako da aka kafa a jikin bango, ta dafa da hannu biyu. Za ta lanƙwasa gwiwa a hankali, diddige a ƙasa, gwiwa na kallon inda yatsu ke kallo, ta miƙe. Za ta zura ƙafa ɗaya gefe, tafin na shafar daɓe har yatsu su tsaya tsaf, ta dawo da ita, ƙugu bai motsa ba. Haka za a yi ta yi da kiɗa mai sanyi. Sai ya zauna sannan a bar ta ta dafa da hannu ɗaya, sannan ta fito tsakiyar ɗaki inda ba abin dafawa, sannan a ƙara sauri, sannan a hau yatsu, sannan a haɗa da juyi. Mai karatun allo ya san wannan: ba a kai yaro farfaru sai babbaƙu sun zauna. Karatun shekara 8 ne, kowace shekara da abin da aka ɗora mata.

Wani abin kuma, tana so ɗaliba ta san dalili. Ba ta yarda a haddace motsi kawai ba, sai a iya faɗin abin da ya sa ya lalace da yadda za a gyara. Duk wannan ta zuba shi a littafinta kan tushen rawar bale da ya fito a 1934, wanda aka fassara zuwa harsuna da yawa.

Wace irin malama ce ga ɗalibanta?

Mai tsanani, mai kaifin harshe, yabo kuma ba ya fita bakinta da arha. Wannan ba abin a yi mata kwalliya ba ne, kuma makarantun da suka gaji tsarin sun gaji har da tsananin: ana auna jikin yaro kafin a ɗauke shi, ana kuma sallamar wasu a hanya. Amma akwai hujja guda da ke kare ta daga zargin cewa tsarin inji ne mai fitar da kaya iri ɗaya, wato ɗaliban da kansu. Semyonova ƙasaita ce da isa. Galina Ulanova, wadda ta kammala a 1928, sanyi ce da zurfin ciki, har ta zama 'yar rawar da Tarayyar Sobiyet ta fi alfahari da ita. Natalia Dudinskaya ta 1931 wuta ce wajen juyi da sauri. Alla Shelest ta fito a 1937, Irina Kolpakova kuma tana cikin 'yan ajin ƙarshe a 1951. Baya iri ɗaya aka gina musu, amma ba mai ganin rawar ɗaya ya ɗauka ta ɗayar ce.

Ta taɓa shugabantar gidan rawa?

Ta yi, daga 1931 zuwa 1937, a tsohon gidan Mariinsky da aka sauya wa suna zuwa Kirov a 1935. Ta sake tsara Swan Lake a 1933 ta rage maganar hannu da ke cikinsa, ta yi Esmeralda a 1935. A zamaninta aka fito da sababbin wasanni irin su The Fountain of Bakhchisarai na Rostislav Zakharov a 1934. Aiki ne mai kyau, amma bai kai na aji ba.

Nureyev da Baryshnikov ɗalibanta ne?

A'a, ko da yake ana yawan haɗa su. 'Yan mata ta koyar, kuma ta rasu a Leningrad, sunan St. Petersburg a lokacin, ranar 5 ga Nuwamba 1951. Rudolf Nureyev ya shiga makarantar a 1955, Mikhail Baryshnikov a 1964, dukansu a hannun malami Alexander Pushkin, wanda sunansa kawai ya zo ɗaya da na shahararren marubucin waƙoƙin nan na Rasha. Abin da ya haɗa su da ita shi ne makarantar, wadda aka sa wa sunanta a 1957, da tsarin da ya riga ya zama na kowa a gidan. Kafin rasuwarta ta samu lambar yabo ta Stalin a 1946, ta kuma yi shekarunta na ƙarshe tana horar da masu koyarwa a kwalejin kiɗa ta Leningrad.

Tsarin ya iso Afirka kuwa?

Ya iso, ta Masar. Da yake shi ne ya zama manhajar makarantun rawa na Tarayyar Sobiyet, duk inda malamansu suka je da shi suke tafiya, ko Gabashin Turai ko ƙasar Sin. A ƙarshen shekarun 1950, zamanin Shugaba Gamal Abdel Nasser, ministan al'adu Tharwat Okasha ya gayyato malamai daga Mosko aka buɗe makarantar bale a Alkahira. Daga baya aka tura wasu 'yan mata, ciki har da Magda Saleh, ƙarin karatu a makarantar Bolshoi da ke Mosko. Babban wasan farko da 'yan Masar suka gabatar a 1966 shi ne The Fountain of Bakhchisarai, Nasser da kansa ya je kallo, ya kuma ba 'yan rawar lambobin yabo.