Jinkirin Fara Allurar Insulin a Hannun Likitocin Matakin Farko

Jinkirin fara allurar insulin shi ne likita ya ci gaba da ba mai ciwon sukari nau'i na 2 ƙwayoyi, kamar metformin, bayan gwaji ya nuna sun daina riƙe sukarinsa. An fi ganin haka wajen likitocin matakin farko, waɗanda su ne ke duba yawancin masu wannan ciwo.

Insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, ba sabon magani ba ne. Frederick Banting da Charles Best ne suka samo shi a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa mutum allurarsa a 1922. Binciken UKPDS, wani babban nazari kan masu ciwon sukari nau'i na 2 a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, ya nuna cewa ciwon na ci gaba da raunana ƙarfin jiki na samar da insulin, har masu yawa su kai ga buƙatar allura ko da suna kiyaye abinci. Amma a binciken DAWN da aka yi a ƙasashe 13 a 2001, kusan rabin likitocin gama-gari da ma'aikatan jinya sun ce sukan jinkirta allurar sai ta zama dole.

Babban abin da likitoci ke gudu shi ne allurar ta jawo faɗuwar sukari ƙasa da 70 mg/dL a ma'aunin sukarin jini: majinyaci ya kama rawar jiki da gumi, wani ma ya suma, musamman tsoho mai zama shi kaɗai. Sai ƙarin ƙiba da allurar kan jawo, da kuma ƙarancin lokaci. Koya wa mutum auna adadin magani, tsira allura a fatar ciki, da gwada jini ta ɗan yatsa ba aikin minti biyar ba ne, ga layi a bakin ƙofa.

Wani laifin kuma na likitan ne. Wanda ya sha ce wa majinyaci "in ba ka bar shan zaƙi ba, sai allura" ya riga ya mayar da maganin horo, ranar da ake buƙatarsa kuwa sai majinyaci ya ƙi.

A ƙasashe masu zafi ajiya ma matsala ce, domin insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius. Inda babu firji, wasu kan ajiye shi a randar ƙasa mai sanyi. Ita kuwa farawar ba ta da wuya: yawanci allura ɗaya a rana, yunit 10, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan gwargwadon sukarin safe.