Wai mene ne "sikirinin" ɗin maleriya da ake ta yi mana a Legas?

Kwanan nan duk inda ka juya sikirinin, a rediyo sikirinin, ɗan siyasa ya kafa rumfa a Agege ya ce yana yi wa talakawa sikirinin ɗin maleriya kyauta, masu labarai kuma su fassara shi da "gwajin maleriya". To nan fa raina ke ɓaci, don ba abu ɗaya ba ne.

Sikirinin tankaɗe ne kawai. Ka tuna rariyar gidanku, a zuba gari a girgiza, mai laushi ya wuce tsaki ya tsaya a sama, amma rariya ba za ta gaya maka tsakin nan na dawa ne ko tsakuwa ce ba, ware shi kawai ta yi. Haka wanda ya tambaye ka jikinka da zafi, kai na ciwo, kana jin sanyi, ko ya ɗora maka bindigar auna zafi a goshi irin ta lokacin Ebola a 2014, ware ka ya yi. Gwaji kuwa sai an huda yatsa an ɗiga jini a RDT, wato ɗan abin gwajin gaggawa, an jira minti 15 zuwa 20, ko a duba jinin a lab, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

Matsalar ita ce rariyar da ta yi aiki a gida ba lallai ta yi a nan ba. A binciken maleriya na ƙasa na 2021, cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanda aka samu da ƙwayar cutar a jini a Kebbi kashi 49 ne cikin 100, a Legas kuwa kusan 3. A Kebbi yaro ya yi zazzaɓi da damina ka ce maleriya ce, sau da yawa ka canka daidai. A Legas yawancin zazzaɓin ba ita ba ce, mura ce ko makogwaro ko wani abu daban, amma ka je kemis tun kafin ka rufe baki an ce maka "maleriya da taifod", kamar Hassan da Husaini. Ɗan maƙwabcina sau biyu ana ɗura masa maganin maleriya, ashe kunne ne ya yi ruwa, yaro yana ta ja da hannu ba wanda ya kula.

Sai ɗaya ɓangaren da ba a cika magana a kai ba. Direba ya ɗauko albasa daga Aliero a Kebbi ya sauke a kasuwar Mile 12 a Legas, da cizon sauro ya girma jikinsa ya saba, ƙwayar cutar na yawo a jininsa amma garau yake. Ka ce Malam ya jiki, ya ce lafiya lau alhamdulillahi, kuma wallahi ba ƙarya ya yi ba. Shi ke nan ya wuce ta rariya, irin tantancewar majalisar dattawa, ka rusuna ka wuce. Da dare ya shimfiɗa tabarma a gindin tirela, macen sauro ta sha jininsa, bayan kwana goma sha wani abu ta cije yaron da aka haifa a Ketu, unguwar da ke kusa da kasuwar, wanda jikinsa bai taɓa sanin cutar ba.