Ruɗewar dattijai bayan tiyata ba gigin tsufa ba ce

Ana yi wa dattijo aiki, likita ya ce komai ya tafi daidai, amma bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya fara sambatu. Ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa, ya fizge robar ƙarin ruwa, tsakar dare ya tashi neman takalmi wai zai fita. Nan take 'yan uwa su ce gigin tsufa ne, ko kuma allurar barci ce ba ta gama sakinsa ba. Mu ma'aikatan lafiya ba haka muke ɗaukar lamarin ba, domin gigin tsufa a hankali yake zuwa cikin watanni da shekaru, wannan kuwa farat ɗaya ne, kuma yana lafawa ya dawo.

Yanka, ko na likita ne, rauni ne a wurin jiki. Garkuwar jiki kan tashi ta zuba sinadaran da ke haddasa kumburi cikin jini don gyara wurin. A jikin matashi abin kan lafa da wuri. Shi kuwa tsoho, shingen da ke tace abin da zai shiga ƙwaƙwalwa daga jini ya riga ya yi rauni, sai kumburin ya kai can ya dagula tunani. Mai ciwon sukarin da ba a kula da shi, mai ƙiba, mai shan taba da wanda ya saba zama wuri guda, dama da ɗan kumburi a jikinsu tun kafin a kwantar da su. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 1998, a kan mutane sama da 1,200 masu shekara 60 zuwa sama, ya gano kusan ɗaya cikin huɗu na da raunin tunani da mantuwa mako guda bayan babbar tiyata, bayan wata uku kuma kusan ɗaya cikin goma.

Idan aikin ba na gaggawa ba ne, makonnin jiran nan ba na zama ba ne. A riƙa tattaki kullum gwargwadon ƙarfi, a daidaita sukari da hawan jini, a ajiye taba aƙalla mako huɗu kafin ranar. A kai wa likita duk magungunan da dattijon ke sha cikin kwalayensu, musamman na barci irin su diazepam. Idan yana shan giya ko ya fara mantuwa, a faɗa, kunya ba ta da amfani a nan.

Bayan aiki, yawancin taimakon a hannun mai jinya yake. A mayar masa da tabaraunsa da na'urar jinsa da zarar ya farfaɗo. A buɗe labule da rana, a rage fitila da hayaniya da dare, a riƙa gaya masa ranar da ake ciki da inda yake. Ya sha ruwa, ya taka ƙasa da zarar likita ya ba da izini.

Wanda ya fi ba ni tsoro ba mai ihun ba ne. Shi ne wanda ya yi tsit, yana ta gyangyaɗi, abinci ya huce a gabansa, ana cewa ai hutawa yake. Wannan ma ruɗewa ce, kuma ita aka fi tsallakewa. Idan Baba ko Inna ba kamar yadda kuka san su suke ba, ku kira nas a lokacin, a duba ko zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin iska a jini, ko zafin ciwo, ko wani magani da ya kamata a canja.