Rabon ilektiron tsakanin atam ba kullum yake daidai ba

An daɗe ana cewa idan atam biyu (ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su gina kowane abu) suka yi tarayya a kan ilektiron (ƙwayoyi masu caji negatif da ke cikin atam), rabon daidai wa daida ne. Ba mamaki, tunda a littafi layi ɗaya ake ja tsakaninsu.

Amma atam ɗin da ya fi ƙarfin ja shi ke rinjaye. A ma'aunin Pauling, wanda ke auna ƙarfin jan ilektiron na kowane atam, oksijin na da 3.44, haidurojin 2.20. Shi ya sa a ƙwayar ruwa ilektiron suka fi karkata wajen oksijin, ɓangarensa ya ɗauki ɗan caji negatif. Idan atam ɗin iri ɗaya ne, kamar H₂ (atam biyu na haidurojin), rabon kan daidaita.

Ku gwada: gishiri zai narke a ruwa saboda wannan karkata, mai kuwa ba zai gauraya ba. Don Allah a tura wa ɗalibai wannan bayani.