Waiwaye: Yaushe Mai Cutar Parkinson Zai Fara Shan Magani?

Daga 1817, lokacin da likitan Landan James Parkinson ya bayyana wannan cuta ta karkarwa da sandarewar jiki, an yi shekara 150 babu wani magani na a zo a gani, don haka batun lokacin fara shansa bai ma taso ba. Muhawarar ta samo asali ne bayan 1967, sa'ad da George Cotzias ya nuna a Amurka cewa maganin levodopa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa sinadarin dopamine da ya yi ƙaranci, yana tayar da waɗanda suka kasa motsi har su koma tafiya da ƙafarsu.

Murnar ba ta je ko'ina ba, domin bayan wasu shekaru ƙarfin maganin yakan gushe kafin lokacin ƙwaya ta gaba, wasu kuma jikinsu ya riƙa murɗewa da fizga ba da son ransu ba. Likitoci da yawa suka ɗora laifin a kan daɗewa ana sha, suka koma ba da shawarar a jinkirta shi, ko a fara da wasu magungunan, wato pramipexole da ropinirole, waɗanda daga baya aka ga suna jefa wasu cikin yawan barci, caca da ɓarnar kuɗi.

Hujjar da ta girgiza wannan ra'ayi, abin mamaki, daga Gana ta fito. Wani bincike na 2014 ya kwatanta marasa lafiyar can, waɗanda suka yi shekaru ba su sami levodopa ba, da takwarorinsu na Italiya da suka fara da wuri, sai aka tarar jinkirin bai kare kowa daga fizgar ba. Tsawon cutar da yawan abin da ake sha kullum ne ke haddasa ta. A 2019 wani gwaji a Holan kan mutum 445 ya nuna farawa da wuri ba ya rage gudun cutar, kuma ba ya ƙara mata.

Shi ya sa a 2021 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fifita levodopa a matsayin maganin farko ga akasarin masu buƙata. Abin da likita ke dubawa yanzu kafin ya sa a fara shan magani shi ne ranar da tela ya kasa zura zare a allura, ko rubutun malami ya ƙanƙance har ɗalibai suka daina gane shi.