Burtsatse da ruwan kwata: abin da doka ta tanada, da abin da Kano ke buƙata

Duk wanda ya kwana a Kurna ko Ɗorayi ya san ƙarar kura da jarkoki tun da asuba. Inda famfo ya daɗe bai kawo ba, mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali kuma ya sayi ruwa a hannun 'yan garuwa. Daga nan ake tambaya: ruwan da ke ƙarƙashin gidana, nawa ne?

Amsar tana cikin Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda aka kafa a zamanin soja a matsayin doka mai lamba 101. Sashenta na farko ya damƙa wa gwamnatin tarayya ikon kula da ruwan sama-ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Wannan ya taɓa mu kai tsaye, domin kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ruwan da muka tare a madatsar Tiga tun 1974 kuma akwai manomi da masunci a Jigawa da Yobe da ke jiran sa.

Sashe na biyu shi ne na talaka. Kowa yana iya ɗiban ruwa kyauta don amfanin gida ko shayar da dabbobi daga inda jama'a ke da izinin shiga. Wanda ke da haƙƙin mallakar fili, na takarda ko na gargajiya, yana iya ɗiban ruwan ƙarƙashin filinsa don gida, da dabbobi, da ɗan lambunsa, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Amma da zarar abin ya zama na kasuwanci, kamar gidan ruwan leda ko masana'anta, sai da lasisi. Dalilin a fili yake. Ruwan ƙasa bai san katanga ba. Idan maƙwabcinka ya zuƙa dare da rana yana cika tankoki, rijiyarka ce za ta ƙafe a watan Afrilu.

Inda nake ganin mun fi yin sakaci shi ne ruwan da aka gama amfani da shi. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2009 ga masaƙu da majemu, waɗanda suka wajabta musu tace ruwansu kafin su sake shi. Mu da muke da unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa, wannan ƙa'ida tamu ce. Rafin Getsi yana kwaso ruwan Bompai ya zuba a Jakara, Jakara kuma ta gangara har madatsar Wasai. A gefen waɗannan rafuka manoman rani ke shayar da latas da kabeji da alayyafo, mu kuma mu saya a kasuwa mu ci, wani ma ɗanye. Ruwan majema yana ɗauke da sinadarin kiromiyam, wanda wanke ganye ba ya kawar da shi.

Wato Kano ta daɗe tana sake amfani da ruwan kwata, sai dai ba tacewa. Ba na ganin laifin manomin. Ruwan da ya samu da shi yake ciyar da iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a hana ba. A ƙa'idojinta na 2006 ta bayyana matakan da za a bi a shayar da gona da irin wannan ruwa ba tare da an cutu ba. Birnin Windhoek na ƙasar Namibiya kuwa tun 1968 yake tace ruwan da aka yi amfani da shi ya mayar da shi famfo. Mu ba sai mun kai nan ba tukuna. Ya isa a ce ruwan da aka tace ya tafi lambu da masana'anta da wurin wankin mota, domin a bar wa masu sha ruwan matatun Tamburawa da Chalawa da Watari.

Wannan kuwa ba aikin Hukumar Ruwa ta jiha ba ne ita kaɗai. Hukumar tsara birni, KNUPDA, ita ke amincewa da zanen gini da sababbin unguwanni, don haka a teburinta ake iya ware hanyar bututu da filin matatar ruwa kafin a yanka filaye, ba bayan gidaje sun cika ba. A nan ne kuma za a iya ceto sauran kududdufan cikin gari. Kowane kududdufi da aka cike aka gina shaguna a kansa, wuri ne da ruwan damina ke tsayawa ya nutse ya shayar da rijiyoyin unguwa. Yanzu wannan ruwan kan titi yake bi, ya shiga gidajen mutane a watan Agusta.