Wai in ka saka bayanan bincikenka a intanet an sace kenan?

Wannan maganar ta daɗe tana yawo tsakanin ɗalibai da malamai a nan Damagaram, mutum ya gama tattara bayanai kan gero ko ruwan rijiyoyi shekara uku cur, sai ya ƙulle su cikin kile (USB) ɗaya a aljihu wai kar wani ya ɗauka ya ce nasa ne. To wallahi abin da ya fi saurin cinye aikin nan shi ne zafi da ƙura da kilen da ta ɓace a kan kabu-kabu.

Ma'ajiyar intanet irin Zenodo, wadda cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai ta buɗe a 2013, kyauta ce, kana iya zuba har giga 50 a ajiya guda, kuma su ba ka lambar DOI, wato lambar aikinka ta dindindin, da sunanka da ranar da ka saka, ai ita ce shaidarka in wani ya yi gardama. Ka zaɓi lasisin CC BY, duk wanda ya yi amfani da su dole ya ambace ka. In baka shirya ba ma kana iya rufe su zuwa ranar da ka ga dama.

Sunayen mutanen da ka yi wa tambayoyi dai, cire su tukuna kafin ka ɗora.